Lasifikar Aji Huɗu

Ɗiyata tana aji huɗu na firamare sankarau ya kama ta. Da bazara ne, lokacin da zafin Katsina ke sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ban taɓa kiran ta da sunanta ba, Uwata nake ce mata. Ta yi kwanaki a asibiti wuyanta a sanƙare, ba ta san wanda ke kanta ba, har na fara fidda rai. Da Allah Ya tashi kafaɗunta muka dawo gida, mamanta ta toya waina aka raba wa yaran unguwa, mu a ganinmu an gama.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne a sakatariya. Gidanmu yana wani lungu bayan Gobarau, makarantarsu kuma tana bakin titi wajen Ƙofar 'Yandaka, kullum da safe ni ke ɗaukar ta a babur in aje ta, in wuce ofis. Kafin ciwon, surutu take mani tun daga ƙofar gida har ƙofar makaranta. Bayan ciwon sai ta yi shiru a bayana. In na yi mata magana ba ta amsawa, na ce ƙarar iska ce da ta babura. A gida kuma mamanta ta fara ƙorafin yarinyar ta koyi taurin kai, sai a yi ta kiran ta tana wanke-wanke, ko waiwaye ba ta yi. Amma in ka tsaya gabanta ka yi magana, tsaf za ta ba ka amsa. Wannan ne ya ruɗe mu.

Ranar da muka gane, an aike ta sayen kalanzir ne. Ina zaune a dakalin ƙofar gida ina kallon ta tana tafiya a tsakiyar lungu, sai ga wani ɗan acaɓa ta bayanta yana ta danna oda. Duk mutanen lungun sun waiwaya, ban da ita. Ya taka birki babur ya zame, ya tsaya dab da ƙafarta. Sai da ta ga inuwarshi sannan ta zabura. Mutumin ya buɗe baki zai yi faɗa, ya dubi fuskarta, ya dube ni, ya fasa.

Likitan kunne ya sa mata wani abu a kai ya yi ta gwaji, tana ɗaga hannu in ta ji sauti. Ina kallo ya daɗe yana murɗa na'urarshi hannunta bai motsa ba. Da ya gama ya ce mani kunnen dama ya tafi, ba ya dawowa. Na hagu da saura, amma ba zai iya yi mani alkawarin sauran zai tsaya ba. Ya ce akwai na'urar ji da ake saƙalawa a kunne, sai dai irin wadda za ta yi mata amfani ba a samun ta a garin nan, kuma da ya faɗi abin da ake sayar da ita ban sake tambaya ba. Ya ce kafin nan a riƙa zaunar da ita a gaban aji.

Washegari na je na ga ajin da idona, abin da ban taɓa yi ba duk shekarun da nake kai ta. Yara sun fi ƙarfin bencuna, wasu a ƙasa har bakin allo, wasu a kan taga. Bangon da ya raba su da aji uku bai kai rufi ba, duk abin da ake rerawa a can yana zubowa nan. Ga titi a bayan tagogi, ga rufin kwano. Malamarsu wata siririyar mace ce mai sanyin murya, tana ta ƙoƙari, jijiyar wuyanta ta tashi, amma ni da ke da kunnuwa biyu lafiyayyu, daga bakin ƙofa rabin maganarta nake kamawa. Na yi mata bayani, ta tausaya ƙwarai, nan take ta tashi wata yarinya daga bencin farko ta zaunar da Uwata. Na fito na hau babur na kasa tayar da shi, na daɗe zaune a kai.

Sakamakon zangon ya fito, yarinyar da ba ta wuce sahun farko ta koma can ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ta dai miƙo mani takardar ta shige ɗaki. Na shiga neman magani ta ko'ina. An ba mu man ɗigawa a kunne, an ba mu rubutu, wata gwaggona ta kawo turaren hayaƙi daga ƙauye. Duk mun yi. In na idar da salla sai in rasa ma me zan roƙa, in ce a dawo da kunnen ne ko in ce a bar mata wanda ya rage.

Wata ranar Asabar na shiga babbar kasuwa sayen hatsi, na ga wani mai maganin gargajiya ya tara jama'a. Wata 'yar lasifika ce a rataye a kafaɗarshi, ba ta wuce girman kwalin sukari ba, da makirufo mai waya a hannunshi, amma muryarshi ta danne hayaniyar layin gaba ɗaya. Na tsaya kamar mai sauraron talla, alhali akwatin nake kallo. Da mutane suka ragu na tambaye shi inda ya saya, ya kwatanta mani layin masu kayan wuta. Ban sayi hatsin ba ranar. Na koma gida da lasifika, mamanta ta dube ni ta dubi kwalin.

Hedimasta ya so ya ƙi. Ya ce makaranta ba tashar mota ba ce, kuma in mutanen ofishin ilimi suka zo suka gani bai san me zai ce masu ba. Na yi ta roƙon shi, na ce ɗiya ce, in tashi ce me zai yi. A ƙarshe ya ce in malamar ta yarda shi ba ruwanshi. Malama ta juya akwatin a hannunta, na ga kunya a fuskarta, amma ta karɓa. Ranar farko da ta kunna, abin ya yi wata ƙara mai tsinin gaske, yara suka bushe da dariya, wani daga baya ya ce Malama ta fara sayar da maganin basir. Malamin aji uku ya leƙo ta saman bango yana faɗa, wai an hana shi aiki. Sai da na same shi bayan an tashi, na ba shi haƙuri, muka daidaita a kan ba za a ƙure sautin lasifikar ba.

Daga nan lasifikar ta zama aikina. Unguwarmu wuta ba ta zama, don haka in na ɗauko Uwata da rana sai in karɓo akwatin, in kai wa mai cajin waya a bakin titi, da safe in biya in ɗauka. Malama ta aje lasifikar a kan tebur, dab da kunnen hagu na yarinyar, kamar yadda na roƙa. Kullum in muka iso gida sai in tsaya gabanta in tambaye ta ko yau ta ji karatu.

"Na ji, Baba," take cewa.

Ni kuwa sai in ji wani sanyi a raina. Har a ofis na riƙa ba da labari. Malama ma ta ce mani tun da ta fara koyarwa ba ta taɓa komawa gida maƙogwaronta bai yi ciwo ba sai yanzu. Yaran bayan aji, waɗanda a da sai dai su kwafi abin da na gabansu ya rubuta, suka fara ɗaga hannu. Wani bawan Allah mai gyaran babur, wanda ɗanshi ke ajin, ya tare ni a ƙofar makaranta ya yi ta sa mani albarka.

Amma Uwata ta fara ciwon kai. Tana dawowa sai ta kwanta ta rufe fuska da zane. Sai ta fara cewa cikinta na ciwo da safe, ba za ta iya zuwa ba. Muka koma asibiti a tsorace, muna zaton sankarau ne ya dawo, aka duba aka ce ba shi ba ne. Da aka yi gwajin tsakiyar zango, kusan kowa a ajin ya ɗaga, ita kaɗai ta ƙara yin ƙasa, har ta fi lalacewa a kan lokacin da babu lasifikar. Na rasa abin da zan yi. Tunanin da ya zo mani shi ne sautin bai isa ba. Na roƙi Malama ta ƙara murɗawa, ko malamin aji uku zai yi faɗa, ni zan ji da shi. Ta ƙara. A satin nan yarinyar ta yi amai a aji.

Sai na nemi izini a ofis, na je makarantar da hantsi ba tare da na gaya wa kowa ba. Na zagaya ta gefen titi na tsaya jikin taga, inda zan ga bencin farko. Malama tana koyar da lissafi. Hannunta na cikin hijabi, don haka in ta ɗaga makirufo zuwa baki sai hijabin ya taso tare da hannun, ya rufe ta tun daga haɓa har hanci. Idanunta kawai ake gani. Uwata kuwa tana zaune dab da akwatin, ta kifa tafin hannu a kan kunnen nan ɗaya da ya rage mata, ta karkace wuya tana leƙe, ta yi dama, ta yi hagu, kamar mai neman hango wani abu ta bayan labule. Littafinta a buɗe, ba ta rubuta komai ba. Can Malama ta sauke makirufon don ta tsawata wa wasu yara biyu da ke rigima a gabanta, ta yi magana da bakinta kawai. Na ga ɗiyata ta miƙe zaune, idonta ya kafe a kan leɓen matar, har ta ɗan yi murmushi don abin da aka ce wa yaran. Malama ta mayar da makirufo, yarinyar ta koma leƙe.

Na dafa bango.

Da muka koma gida na zaunar da ita a tabarma, na zauna gabanta inda haske ke faɗa mani a fuska. Na tambaye ta me take ji in an kunna lasifikar. Ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta. Sannan ta ce ƙara take ji, kamar ruwan sama a kan kwano, tana shiga har cikin haƙoranta, amma babu kalma a ciki.

"To da can ya kike gane karatun?"

"Bakinta nake kallo," in ji ta. "Yanzu ba na ganin maganar."

Na ce me ya hana ta gaya mani. Ta ce ta ga ina murna. Mamanta da ke tsaye bakin ƙofar ɗaki ta juya ta shige ciki.

Ashe tun da ta tashi daga ciwon, yarinyar nan da ido take ji, ita kaɗai ta koya wa kanta, ba wanda ya sani. Abin da ya rage a kunnen hagu yana taimaka mata ne kawai in magana ta zo a hankali, tare da motsin baki. Mun koma wajen likita na ba shi labari, ya ce haka ne, kunnen da sankarau ya taɓa ba ƙarfin sauti kaɗai yake nema ba, kuma akwatin da aka ƙure dab da shi zai iya ƙarasa abin da ya saura. Na tambaye shi ko ya riga ya ƙarasa. Ya sake gwaji, ya ce ya ragu a kan na da, amma ba zai iya cewa lasifikar ce ko ciwon ne ke ci gaba da aikinshi ba. Har yau ban san amsar ba.

Na je makaranta da niyyar in ɗauke akwatina. Malama ta saurare ni har na gama, idonta ya ciko, ta ce wallahi ba ta lura ba. Amma da na miƙa hannu zan ɗauka sai ta ce, "Malam, sauran fa?" Ta nuna mani bayan ajin. Ta ce yaran can sai yanzu suka san me ake yi a makaranta, ita kuma likita ya taɓa gargaɗin ta a kan muryarta, in ta koma ihu ba ta san ko za ta kai ƙarshen shekara ba. Ba ta hana ni ba, ta ce kayana ne. Na tsaya riƙe da igiyar akwatin, yara sun zuba mani ido, ɗan mai gyaran babur yana cikinsu. Na aje na fita.

Kwana biyu Uwata ba ta je makaranta ba, ni kuma ina yawo gari ina tambaya. Wani abokin aikina ya haɗa ni da ƙanenshi mai ba da hayar kayan sauti a wajen biki da wa'azi. Shi ya nuna mani wani makirufo da ake saƙalawa a kai, da ɗan siririn ƙarfe da ke tsayawa gefen kumatu, ba ya rufe baki. Nashi tsoho ne, an ɗaure shi da salatif, ya ce in tafi da shi. Shi ne kuma ya ƙara mani doguwar waya, ya ce a kai akwatin can bayan aji inda ake buƙatar shi, a raba shi da kunnen yarinyar.

Haka aka yi. Muka buga ƙusa a bangon baya muka rataye lasifikar. Malama ta riƙa ɗora makirufon a kan hijabinta, tana jan waya a bayanta kamar akuya da igiya, yara suka yi dariyarsu suka gaji. Ta koyi ta daina magana tana fuskantar allo. Sai ta rubuta, ta juyo, sannan ta yi bayani. In ta manta, Uwata takan ɗan ƙwanƙwasa benci, ita kuma ta juyo. Ciwon kan ya tafi. Sakamakon zangon ƙarshe bai koma yadda yake da ba, amma ya taso zuwa tsakiya. Watannin nan su ne kaɗai na yi barci mai daɗi a shekarar.

Da aka dawo hutu, Uwata ta shiga aji biyar, aka kuma yi wa Malama canjin wurin aiki zuwa Batagarawa, kusa da gidan mijinta. Malamin aji biyar dattijo ne, mutumin kirki, amma gashin baki ya rufe mashi leɓe, kuma ya shekara da shekaru yana koyarwa fuskarshi na kallon allo. Na kai mashi makirufon, ya sa na kwana kaɗan ya ce yana matse mashi kai. Na roƙe shi ya riƙa juyowa, ya ce to, yakan juyo in ya tuna. Ban ga laifinshi ba, yaran sun yi yawa, ba zai iya koyar da mutum ɗaya ba. Na je wajen hedimasta, na je ofishin ilimi, kowa ya tausaya, kowa ya ce in yi haƙuri. Na nemi makarantar kuɗi mai ƙananan azuzuwa, biyu suka ce ba su da malamin irin waɗannan yara.

Kunnen hagun kuma ya ci gaba da tafiya. Na gane ne ta muryarta. Ta fara magana da ƙarfi fiye da kima, wani lokaci kuma can ƙasa, ƙarshen kalmomi yana guntulewa. Ƙawayenta na lungu suka rage zuwa, don wasa da ita sai an yi ta maimaitawa. Wata rana da la'asar na same ta a soro ta kafa kunnenta jikin rediyona, ta ƙure shi, tana taɓa shi da yatsu. Da ta gan ni ta ce ya lalace ne. Rediyon kuwa ana jin shi har waje.

Likitan ne ya fara ambata makarantar kurame, ta kwana, a wani gari da ke da 'yar tafiya daga Katsina. Na ji kalmar kamar an mare ni. Ban taɓa kiran ɗiyata da ita ba, ban kuma bari an kira ta ba. Mamanta ta ce ba inda za a kai mata yarinya. Muka yi watanni muna jan maganar, ita kuwa tana zuwa aji kullum tana zama tun safe har azahar, tana kallon ƙeyar malami. A ƙarshe ita ta raba gardamar. Ta gane me muke tattaunawa ta bakinmu, ko da muna rage murya, ta ce a kai ta ta gani.

Muka je. Ban taɓa ganin filin makaranta cike da yara ba hayaniya irin wannan ba, sai ƙarar takalma da wata irin dariya, hannuwa na ta tashi ko'ina. Uwata ta riƙe rigata da farko. Wata yarinya tsararta ta zo ta tsaya gabanta, ta nuna kanta, ta yi wata alama, ta nuna Uwata tana jira. Ɗiyata ta dube ni, sai ta saki rigar ta bi yarinyar.

Yanzu shekararta ta biyu ke nan a can. Tana karatu, malamanta sun ce tana da kai. Magana da baki kuwa tana raguwa, in ta zo hutu sai mun matsa mata take yi, kuma ƙannenta ba sa gane wasu kalmomin nata. Mamanta har yanzu takan ce da mun samu na'urar jin nan tun farko da ba a kai ga haka ba. Ba na musa mata, don ban sani ba.

Ina zuwa wajen wani kurma tela a unguwarmu ranar Lahadi yana koya mani maganar hannu. Yatsuna sun yi tauri, abin da na koya wannan satin sai in manta shi wancan. Ranar ziyara ta ƙarshe mamanta ba ta samu zuwa ba, ƙaramin yaronmu ba lafiya. Muka zauna da Uwata a ƙarƙashin wata bishiya, ta ci abincin da na kawo, sannan ta fara yi mani bayani da hannu, da sauri, fuskarta duk ta ɗauka. Ban kama ko ɗaya ba. Na ce ta sake. Ta sake, na kama kalmar gida kawai. Na ce ta yi haƙuri ta ƙara, a hankali. Ta ja dogon numfashi, ta kama hannuwana biyu ta riƙa lanƙwasa yatsuna tana yin alamun da su, ɗaya bayan ɗaya, har na gane. Cewa take takalminta ya matse ta, kuma in gaya wa mamanta lallai ta zo wata mai zuwa, ta taho da ƙanin nata in ya warke.